Ramar Aisami

"Ni dai na faɗa, kuma zan sake faɗa: yaron nan ba shi da lafiya!"

Gwaggo Biba ke nan, zaune daram a tsakiyar tabarmar ƙanenta Malam Barmo. Ta tuɓe mayafi ta ninke a cinya, wanda duk ya san halinta ya san ba yanzu za ta tashi ba. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba.

Nasira na madafa tana tankaɗen garin hatsi, amma wallahi ba ta san abin da hannunta ke yi ba. Kunnuwanta duka suna tsakar gida.

"Ka dube shi da kyau, Barmo. Rigar da ya yi Sallah da ita, yau mutum biyu sai su shiga su yi hira a ciki. Wuya duk jijiya, ido ya faɗa. Jiya a gidan suna mata suka tasa ni gaba, wai da gaske ne mai ciwon nan za ku ba ƴarku? Na rasa inda zan sa kaina don kunya."

"Wane ciwo kuma, Yaya?" in ji Inna, mahaifiyar Nasira, murya ƙasa-ƙasa.

"Oho! Ni likita ce? Ko tarin fuka ne, ko wancan da ba a kiran sunanshi, Allah masani. Amma namiji mai jini a jika ba ya zubewa haka a banza."

Rariya ta suɓuce daga hannun Nasira, gari ya watse mata a zane.

Aisami ake nufi. Tun yana ɗan saurayi, bayan rasuwar iyayenshi a Kelle, kawunshi Baa Umara ya kawo shi Gure ya damƙa wa Malam Barmo amana, ya koyi aikin lambu. A kwarin nan na bayan gari, inda tuddan rairayi suka kewaye dabino da rogo da albasa, nan ya girma ya zama ƙato, mai saɓa injin ban ruwa a kafaɗa shi kaɗai yana ba'a. "Yaya" Nasira ke ce mishi tun tana ƙarama. Ta girma, ta gama koyon ɗinki, ta fara karɓar kayan mutane, sai wata rana ta lura in ya yi sallama a ƙofar gida madubi take fara nema.

Da Baa Umara ya zo da goron tambaya, Malam Barmo bai ja zance ba, ya karɓa. Nan fa aka taɓo Gwaggo Biba. Ita da ta daɗe da ajiye Nasira a ranta don ɗanta Fadilu, ma'aikacin biro, wato ofis, a Damagaram, mai mota da ɗan tumbinshi! A ce ɗan lambu ya sha gabanshi? Ta yi faɗa, ta ɗauke ƙafa daga gidan, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Duk a banza.

Sai ga shi abin da bakinta ya kasa yi, jikin Aisami yana yi mata. Tun da aka kawo kayan baiko yaron ya shiga ramewa, kuma babu wanda ya san dalili.

Inna ta dubi mijinta. "Malam, kullum kuna tare a lambu. Ka tambaye shi kuwa?"

"In tambaye shi?" Malam Barmo ya zaro ido. "Surukin nawa? Da wane bakin? Tun da aka kawo kayan nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Yana wancan ƙarshen lambu, ina wannan. Haka muka tarar iyayenmu na yi."

Ya shafa gemu. Da ya sake buɗe baki, muryarshi ta yi nauyi.

"A aika wa Baa Umara. Yaro ya je asibiti a duba shi tsaf. In lafiya ce, alhamdulillahi. In akwai abin da yake ɓoyewa, ko ya ƙi zuwa, in mayar musu da kayansu. Ina son yaron nan, Allah ya sani. Amma ba zan kai ƴata inda za ta yi takaba da ƙuruciyarta ba."

Nasira ta toshe bakinta da gefen zane don kar a ji kukanta.

*

Bayan la'asar ya zo zance kamar yadda ya saba. Ta fito da tabarma ta shimfiɗa a gindin bishiyar dogon yaron ƙofar gida, ta zauna a ɗaya gefen, ta ɗaga ido ta dube shi.

Allah sarki! So ne ya rufe mata ido duk kwanakin nan, ko kuwa tsoron gani? Agogon hannunshi ya sauko har bayan tafi. Hularshi ta yi mishi yawa. Murmushin ne kaɗai nashi na da.

"Ranki ya daɗe, yau ko gaisuwa babu?"

"Yaya Aisami, me ke damunka?"

"Ni? Lafiyata lau."

"Kar ka yi min haka." Hawaye suka zubo mata. "Gari duk ya ɗauka. Baba ya ce in ba ka je asibiti ba zai mayar da kaya. In kuwa aurena ne ba ka so, ka yi nadama kana jin nauyin faɗa, ka gaya min yau in san inda na tsaya. Tun ranar baikonmu kake ƙarewa. Me zan ɗauka in ba wannan ba?"

Ya ɗago a firgice. "Nasira! Ni? Wallahi tallahi in na rasa ki ban san abin da zan yi da raina ba. Ki daina faɗar haka, kina ƙona min zuciya."

"To mene ne?"

Ya daɗe yana zane a rairayi da ɗan tsinke.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Ba inda ke min ciwo. Abinci ne kawai ba ya shiga. In na sayi shinkafa a tasha, loma ɗaya, ta biyu, sai in ji kamar rairayin nan nake taunawa. Maƙogwaro ya rufe. Shayi ne ke riƙe da ni."

"Shayi! Kana jan tiyon ban ruwa, kana hawa dabino, da shayi?"

Ya ci gaba da zane a rairayi.

"Don Allah ka je a duba ka."

"In na je aka ce akwai wani abu fa?" Muryarshi ta karye. Ƙato guda, sai ga ruwa a idonshi. "Shi ne abin da nake gudu. Muddin ban je ba, kina nan a hannuna. Ranar da likita ya buɗe baki, shi ke nan, Fadilu ya yi nasara."

"In ba ka je ba ma an raba mu, ba ka ji abin da Baba ya ce ba?" Ta share fuska da mayafi. "Ka saurare ni, Yaya. Ko me aka gano, magani za mu nema. Ni ba naman jikinka na ce ina so ba. Amma ba zan zauna ina kallonka kana narkewa ba, kana ce min lafiyarka lau. In kana sona, ka je."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Masu wucewa zuwa masallaci suka kau da kai kamar ba su gani ba.

"Zan je," ya ce. "Don ke zan je."

*

Ya kuwa je. Aka ɗibi jini, aka karɓi kaki, aka yi mishi hoton ƙirji, aka ce ya dawo jin sakamako. Kwanakin jiran nan Nasira ta ɓata ɗinkin mutane har sau nawa, ta haɗa hannun riga a wuya, Inna na gani ba ta ce mata uffan ba.

Ranar komawa, Gwaggo Biba ta ce ƙafarta ƙafar yaron, sai ta ji da kunnenta. "Ke ma taso," ta ce wa Nasira, "kar gobe a ce Biba ta ƙara gishiri." Fadilu, wanda ya zo hutu daga Damagaram, shi ya kai su a motarshi. Aisami kuwa ya riga su isa a ƙafa, har ya shiga wajen likita.

Suka zauna a benci a inuwa. Gwaggo ta tashi gaida wata ƙawarta da ke jinya, sai Fadilu ya matso, turarenshi ya cika wurin.

"Ƙanwata, ni ba na yi wa kowa fatan sharri. Amma in abin ya zo yadda ba a so, ki sani ina nan, ban canja ba. Gida na gama shi, har da daɓen karo, tayil ɗin nan, a tsakar gida. Ba za ki taɓa shan rana ba."

Nasira ta juyo ta kalle shi sama da ƙasa.

"Yaya Fadilu, mutum na ciki da ranshi, kai kana nan kana rabon gado?"

Ya yi yaƙe, ya ciro salula yana dannawa.

Ƙofa ta buɗe. Aisami ya leƙo, fuskarshi ba ta nuna komai ba. "Doktor ya ce in na yarda ku shigo. Na yarda."

Gaban Nasira ya yanke ya faɗi. Ta kira Gwaggo suka shiga.

Doktor Zulkiflu dattijo ne mai furfura a gemu, gilashi a ƙarshen hanci. Ya nuna musu kujeru, ya jira Gwaggo ta gama gyara zama.

"Aisami ya ba ni izini in yi magana a gabanku. To ku ji. Jininshi lafiya lau. Ƙirji fes. Babu suga, babu tari, wancan da mutanen gari ke raɗa kuma babu shi, ko alamarshi."

"Alhamdulillahi!" Nasira ba ta san lokacin da ta faɗa da ƙarfi ba. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har tafin ƙafa. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, amma wannan kukan daɗi gare shi.

Gwaggo Biba ta taɓe baki. "To in lafiyarshi lau, ina naman jikinshi ya tafi? Kura ta cinye?"

Likita ya yi dariya. "Hajiya, tambayar da nake mishi ke nan kuka shigo. Aisami, ka ce ramar ta fara bayan baiko. Kafin nan a ina kake cin abinci?"

Aisami ya saci kallon Gwaggo, ya sunkuyar da kai.

"A lambu."

"Kai da wa?"

"Ni da Baba Barmo. Akushi ɗaya, tun zuwana Gure. Da rana a lambu, da maraice a zaurenshi."

"Yanzu fa?"



"Yanzu ai surukina ne, Doktor," ya ce da ƙyar. "Yaya zan sa hannu a akushi yana kallona? Yaya zan tauna a gabanshi? In an kawo abinci sai in ce na ci a gida, in tafi duba inji."

"Wane gidan?" Nasira ta ɗago da sauri. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan tasha, ko tukunya babu a ciki, kowa ya sani. "Wane gidan, Yaya Aisami?"

Bai kalle ta ba.

Kai! Sai yanzu abin ya faɗo mata. Ita ke wanke akushin nan kullum. Ita ke ganin tuwo na dawowa fiye da rabi, ta juye wa kaji, tana cewa a ranta Baba tsufa ya fara rage mishi ci. Ashe hannu ɗaya ne ya fita daga akushin, ita ko a jikinta.

"Da farko ina saye a tasha, ina ci," Aisami ya ci gaba, idonshi a ƙasa. "Sai maganganu suka fara iso ni. Wai ban kai ba, wai ɗan lambu ne, wai ƙarshenta za a fasa. In na kwanta sai tunani, barci ya ƙi. Da na fara ramewa aka ce ciwo ne, ni ma na yarda ciwon ne, tsoro ya ƙara ɗaure min ciki. Kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Duk abin da ya dame ni a duniya, Baba Barmo nake kai wa, muna ci ina faɗa mishi. To yanzu shi ne ba na iya haɗa ido da shi."

Gwaggo Biba, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

Doktor Zulkiflu ya cire gilashi ya ajiye.

"Kun ji ciwon ke nan. Damuwa ce. Mutane na ɗauka a zuciya kaɗai take tsayawa, alhali tana sauka har ciki ta kashe sha'awar abinci. Mutum ya rame, ramar ta tsorata shi, tsoron ya ƙara hana shi ci. Ina ganin irinshi da yawa a kujerar nan."

"To Doktor, wane magani za a saya?" Nasira ta tambaya.

"Zan rubuta mishi ɗan abin ƙarin ƙarfi, amma ba shi ne maganin ba. Kar a tasa mishi tulin tuwo a ce sai ya cinye, cikin ya daɗe a rufe. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Fura da nono, kunun gyaɗa, dabinon da yake hawa da kanshi, ƙwai in an samu. A rage shayin nan. Ya rage aikin rana tukuna. Kar kuma ya ci shi kaɗai, irinshi ba sa iya ci su kaɗai." Ya juya wajen Aisami. "Kai kuma abin da ke ranka ka riƙa faɗa. Ka dawo in riƙa ɗora ka a sikeli. In ka ci ka sha ramar ba ta tsaya ba, sai mu sake bincike, ba mu rufe ido ba. Amma yadda na gani, in hankalinka ya kwanta jikinka zai dawo."

Suka yi godiya suka fito. A bakin ƙofa Gwaggo Biba ta ja ta tsaya, ta dubi Aisami, ya yi maza ya durƙusa.

"Tashi, kar iska ta ɗauke ka," ta ce, amma muryar ba irin ta ɗazu ba ce. "Ka ji ni da kyau. Har yanzu ban ce ina son auren nan ba. Amma maraya, amana, ya yini da yunwa a lambun ubana? A bakin duniya a ce gidanmu ne? Innalillahi! Fadilu, tada mota."

Fadilu ya dubi fuskar uwarshi, ya dubi ta Nasira da ke sheƙi da hawaye da murmushi. Bai tambayi sakamako ba, ya buɗe musu ƙofa.

*

Faɗan da Gwaggo ta shirya wa Aisami, a kan ƙanenta ta sauke shi. Tun daga zaure ta fara.

"Barmo! Kai da yaronka duk sakarkaru ne! Shi yana kunya, kai kana kunya, har ya kusa shiga kabari kuna gaisawa daga nesa! Kana zaune kana cin tuwo, amanar da aka ba ka tana bayan inji tana haɗiyar miyau!"

Malam Barmo ya saurari labarin duka bai katse ta ba. Nasira na laɓe a bakin ɗaki, ta ga idon mahaifinta ya kaɗa ya yi ja.

"Ce min yake ya ci a gida," ya faɗa a hankali. "Na san kunya ce da farko, har na ji daɗi, na ce yaro ya san ya kamata. Na ɗauka wani wuri ya samu yana ci. Da abin ya yi nisa sai na fara jin zafi, na ce to ko ya girmi akushina ne. Ni ma tuwon bai ƙara yi min daɗi ba, Yaya. Shekara da shekaru ana ci ana hira, rana ɗaya ka koma kai da ƙuda."

"Da ka buɗe baki ai da ba a kai nan ba," in ji Inna.

Bai musa ba. Ya miƙe ya ɗauki butarshi, har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Gobe a yi burabusko da miyar yakuwa, irin wanda yake so. A sa man shanu. Nasira ta kai lambu da kanta."

"Maganar kaya fa, Malam?" Inna ta tambaya.

Ya fita bai ba ta amsa ba. Nasira ta dafe ƙirji. An wanke Aisami daga zargin ciwo, gaskiya ne, amma Baba bai ce an ci gaba ba, bai ce an fasa ba.

*

Rana ta take tsaka lokacin da ta gangaro tudun rairayi da akushi a ka, ƙafarta na nutsewa. Daga sama kwarin ya bayyana kore shar, ƙarar inji na tashi, ruwa na bin kwalbatin albasa.

Malam Barmo na zaune a inuwar babban dabinon da ke kusa da rijiya. Ta durƙusa ta ajiye akushi da butar wanke hannu.

"Je ki," ya ce.

Ta tafi, amma ina! Ba ta wuce gonar rogo ba, ta tsugunna a bayan ganye.

"Aisami!"

Can ƙarshen lambu inji ya mutu. Sai ga shi ya taho yana goge hannu a wando, ya durƙusa nesa, kai a ƙasa.

"Matso."

Ya ɗan matso.

"Na ce ka matso! Cizo nake yi?"

Ya matso har bakin tabarma. Malam Barmo ya buɗe akushi, ƙamshin man shanu ya tashi har inda Nasira take.

"Baba, ai na…"

"In ka ce min ka ci a gida, wallahi sai na tsinka maka mari, da gemunka da komai." Muryar tsohon na rawa. "Ranar da Baa Umara ya kawo ka, ko garma ba ka iya riƙewa ba. A akushin nan ka yi ƙashi. Da na ba ka Nasira, cewa na yi ɗana zai ƙara zama ɗana. Ban san sallamar ka na yi ba. In surukuta ce za ta raba ni da kai, ta bar ka da yunwa, ni ban ga amfaninta ba. Wanke hannu."

Aisami na kuka sosai yanzu, kafaɗunshi na girgiza. Ya wanke hannu. Ya miƙa shi wajen akushi, ya kai rabi, sai hannun ya tsaya. Ya ɗago ya ga idon tsohon a kanshi, ya janye.

"Ka yi haƙuri, Baba. Wallahi ina so. Na kasa."

Nasira ta ciji yatsa. Wayyo Allah, wannan wace irin kunya ce!

Malam Barmo ya dube shi ya daɗe. Sai ya yi tsaki, ya dafa ƙasa, ya juya gaba ɗaya ya ba shi baya, fuskarshi na kallon kututturen dabino. Ya laluba da hannun dama ya jawo akushin gefenshi, inda kowannensu zai iya kaiwa.

"To ga shi, ba na ganinka. Kai ma juya, ka kalli rogo. Bismillah."

Aisami ya juya. Suka zauna baya da baya, tsoho da saurayi, akushi a gefe. Malam Barmo ya ɗebi loma ya kai baki, ya fara magana da dabino kamar shi ya zo wa hira.

"Albasar gabas ɗin nan ruwa ya yi mata yawa. Kuma tiyon nan na gaya maka tun bara yana yoyo."

Sai wata murya ta amsa, a shaƙe, kamar bakin da abu a ciki.

"Na ɗaure shi da roba, Baba. Sabo ake so."

Nasira ta leƙa ta tsakanin ganye. Hannun Aisami na dawowa daga akushi, bakinshi na motsi. Ya haɗiye. Ya sake miƙa hannu.

"A hankali, likita ya ce kaɗan-kaɗan," in ji tsohon, bai waiwayo ba. "In ka koma gari ka kira Baa Umara. Ka ce ya zo Juma'ar nan mu tsayar da rana. Na gaji da surutun mata."

Hannun Aisami ya tsaya a iska. "Baba…"

"Ci abincinka. Ba da kai nake ba, da dabino nake."

Nasira ta zauna daɓas a rairayi, ta rufe baki da hannu biyu, dariya da kuka suka haɗe mata. Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka, har numfashinta ya canja. Tana jin su suna ta hirar taki da farashin rogo a kasuwar Gidigir, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma.

Can sai hira ta tsaya. Ta ji Aisami ya yi gyaran murya, a kunyace.

"Baba… furar nan da ake kawowa da, har yanzu Inna na damawa?"

Malam Barmo ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. Ya ɗaga murya, ko juyowa bai yi ba.

"Nasira! Na san kina cikin rogon nan, na hango jan mayafinki tun ɗazu. Tashi ki je gida, ki ce wa uwarki yaronta na son fura. A sa nono da yawa!"

Ta miƙe zumbur, kunya kamar ta nutse. Ta kwashi takalmanta a hannu ta hau tudun da gudu, rairayi na ƙona mata ƙafa, ita ko ji ba ta yi ba.